Littafin da Aka Raba a Gado

"Ba zan ba baduku 'yar ɗan'uwana ba. Ko limamin Gumel ne ya riƙo hannunsa ya kawo shi."

Malam Ɗantsoho ya faɗi haka yana zaune a kan buzunsa a zaure, bai ko ɗago kai ba. Lauratu na durƙushe a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Hantsi ya ɗaga, amma ita sanyi take ji har cikin ƙashi.

"Baffa, me Hussaini ya yi?"

"Me ubansa ya yi? Me kakansa ya yi? Fata suke ja da haƙori tun ba a haife ki ba. Gidan nan gidan alƙalami ne."

"Shi ma ya yi karatu, Baffa. Ya sauke, kuma yana..."

"Karatun ƙarya! Kina tsammani ban ji ba? Duk ranar kasuwa sai ya taso daga Maigatari ya zo ya zauna mini a ƙofar gida, ku buɗe takardu kuna dariya, wai an gina birni a bayan jimina. Jimina!"

Da ya ambaci sunan tsuntsuwar sai carbin da ke hannunsa ya tsaya. Lauratu ta lura da haka, amma ba ta san abin da za ta fassara shi da shi ba.

"Ke bazawara ce," ya ci gaba, muryarsa ta ɗan sauka. "Shari'a ta ba ki bakinki, ba zan ɗaura miki aure da wanda ba ki so ba. Amma ni ma ba mai tilasta mini in tsaya waliyyi a kan abin da zai sa a yi da ni a gari. Ga Barau nan na Gagarawa, mutum mai jakuna arba'in a hanyar Kano, sau uku yana aiko da magabatansa. Me ya rasa?"

"Bai rasa komai ba, Baffa. Ni ce ba na sonsa."

"Takardun nan ne suka ɓata miki kai. Tashi ki kawo mini su."



"Baffa, gadona ne. Shi kaɗai Baba ya bar mini da zan taɓa in ji hannunsa."

"Na ce ki kawo."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta zaro tsohuwar gafaka, jakar fatar da takardun ke ciki, daga ƙarƙashin tulin ƙorai, ta dawo ta ajiye a gabansa da hannu biyu. Ya jawo ta ya tura ƙarƙashin buzu.

"Jibi Juma'a, in an sauko daga masallaci, zan wanke su. Ba don akwai bisimilla a kansu ba da tuni na cusa su a murhu. Ke ma za ki zo ki zauna ki gani, don ki san zancen ya mutu."

*

Takardu goma ne a cikin gafakar nan, kuma da su Lauratu ta girma.

Mahaifinta, marigayi Malam Ya'u, ƙanen Malam Ɗantsoho ne. Fataucin kanwa yake yi tsakanin Gumel da Damagaram, amma alƙalaminsa ba ya rabuwa da aljihunsa. A zangon hanya, in abokan tafiya sun miƙe suna hutawa, shi sai ya fito da takarda ya duƙa. Da tawadar allo yake rubutun, ta ƙaro da gawayi, don ita ce ke samuwa a hanya.

Uwar Lauratu ta rasu tana goye. Saboda haka duk ranar da Malam Ya'u ya dawo, bayan la'asar sai ya ɗora ta a cinya a gindin aduwar tsakar gida, ya zaro takarda ɗaya.

"Tatsuniya da rana, Ya'u?" Gwaggo Sabuwa, yayarsa, za ta leƙo daga ɗakin girki ta ce. "Za ka sa yarinya ta ɓace a kasuwa."

"Wannan ba tatsuniya ba ce, Yaya, rubutu ne. Rubutu ba ya da dare ba ya da rana."

Labarin wani birni ne da aka gina a bayan wata jimina wadda ba ta taɓa tsayawa ba tun da aka halicce ta. Mutanen birnin ba su san miya ta zauna a kwano ba. Alƙalinsu hawainiya ce, in ta sake launi sai hukunci ya sake, don haka masu ƙara suke zuwa da tufafi kala-kala. Bushiya na sayar da allura daga bayanta. Iska kuwa ɗaure ta ake yi a turke kamar akuya, a kwance ta ranar sheƙar hatsi. A cikin birnin akwai wata yarinya, Zinariya, wadda ludayin uwarta ya suɓuce mata ya faɗo ƙasa. Ta sulalo ta ƙafar jimina don ta ɗauko. Kafin ta ɗago, birni ya yi gaba da kowa nata.

A kan takardun nan Lauratu ta koyi haɗa baƙi. Ubanta na riƙe da ɗan yatsanta suna bin layi, in ta yi kure ya ce, "A'a, hawainiya ta sake launi, koma baya."

Tana da shekara goma sha ɗaya zazzaɓi ya kwantar da shi a hanya, aka dawo da jakunansa babu shi. A lokacin takarda tara kawai ya karanta mata.

Sai aka zo rabon gado. Dattawa suka zauna, Malam Ɗantsoho ne a gaba. Aka raba jakuna, aka raba kanwa, aka raba riguna. Da aka zo kan littafin, da yake littattafanmu ba ɗinke su ake yi ba, takardu ne a jere cikin gafaka, sai aka ƙirga. Talatin cif. Namiji na da rabon mata biyu: ishirin na Ilu, yayanta, goma nata.

Haka aka yi, wallahi. Manyan mutane masu rawuna suka zauna suka yanka labari gida biyu kamar ana rabon tumaki, babu ko ɗaya da ya ce a tsaya a duba abin da ke ciki. Kowa ya shafa fatiha ya tashi yana ganin an yi adalci. Irin wannan adalcin ne ya cinye mana abubuwa da yawa a ƙasar nan, ana ƙirga abu ba a san mene ne shi ba.

Ilu bai iya karatu ba, bai kuma damu ba. Ya kai rabonsa kasuwar Maigatari ya musanya da takalmin fata, ya sa takalmin ya tafi aikin hanyar jirgi. Har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ita kuwa ta zauna ta karanta ta goma da kanta. A layin ƙarshe Zinariya ta cim ma jimina bayan doguwar wahala, ta yi tsalle ta kama gashin jelarta, sai gashin ya...

Nan takardar ta ƙare. A can ƙasa, a kusurwa, akwai kalma ɗaya tilo, irin wadda masu rubutu ke sakawa don a gane takardar da ke biye in sun hargitse. An rubuta: tsinke.

Shekara goma sha ɗaya Lauratu tana ɗauke da wannan gashin da ya tsinke. Da shi ta tafi gidan miji, ta ɓoye gafakar a cikin kayan ɗaki. Da annobar mura ta ɗauke mijin, da gafakar ta yi takaba. In duniya ta yi mata zafi sai ta buɗe ta koma gindin aduwa, ta ji warin kanwa a rigar ubanta.

*

Bara da kaka maratayar gafakar ta tsinke. Gwaggo Sabuwa ta kai wa wani baduku da ke baje kolinsa a kasuwar Gumel, ta manta ba ta kwashe takardun ba.

Kasuwa ta zagayo sai ga sallama a ƙofar gida. Badukun ne, Hussaini, dogo, baƙi, yatsunsa sun rine da jan fata. Ya ce yana son ganin mai gafakar. Gwaggo ta rako Lauratu zaure ta zauna a tsakani tana kaɗa abawa.

Bai yi dogon zance ba. Ya zaro takarda ɗaya daga ƙirjinsa ya miƙa. Lauratu ta dubi layin farko, ta ga hannun ubanta, ta ga kalmar da aka fara da ita.

Tsinke.

Ta fasa kuka har Gwaggo ta yar da mazari.

"Kai, wane irin baƙo ne kai? Daga zuwa sai ka sa mini 'ya kuka?"

"Gafara, Gwaggo. Babana ne ya karɓe su a bakin takalmi, zai riƙa naɗe layu da su. Na roƙe shi ya bar mini. Tun ina yaro nake karanta su, na san inda yarinyar nan ta je, amma ban taɓa sanin daga ina ta fito ba, ko me ya raba ta da gida." Ya dubi gefen da Lauratu take, ya sunkuyar da kai. "Ashe ludayi ne. Shekara goma sha ɗaya ina tsammani yaƙi ne."

Lauratu ta yi dariya hawaye na zuba.

Daga ranar, duk kasuwa sai ya zo da takarda ɗaya. Ɗaya tak. Ta roƙa, ta yi fushi, ta ce masa marowaci.

"Haka mahaifinki ya saba miki," in ji shi. "Ni wa da zan sake tsarin malam? Kuma in na kawo duka rana ɗaya, da wane dalili zan dawo?"

"Au, dalili kake nema?"

"Na samu tun ranar farko. Takardun dai rakiya suke yi mini."

Kasuwa goma sha tara, takarda goma sha tara. Kowace in sun gama karantawa sai ya mayar da abarsa. Zinariya ta faɗa rijiyar da kwaɗi ke saƙa, ta yi bauta a gidan gajimare, ta auna ƙasa da ludayi. Saura ɗaya, ta ƙarshe. Wannan kam Hussaini ya ce ba zai karanta mata ita a zauren kowa ba sai a ɗakinta, ranar da ta tare.

To, ga inda zancen ya tsaya.

*

Ranar Alhamis Lauratu ba ta sa komai a bakinta ba. Gwaggo Sabuwa ta shigo da fura ta same ta kwance ta juya wa ƙofa baya.

"Tashi ki sha. Ko so kike a ce yunwa ta kashe mutum a gidan da nake girki?"

"Gwaggo, ki bar ni. Gobe za a kashe Baba sau na biyu."

"Subhanallahi! Rufe bakinki."

"To mene ne? In aka wanke rubutun nan me ya rage mini nasa? Ko kabarinsa ban sani ba, yana can wani jeji. Na rasa uwa, na rasa uba, Yaya Ilu ya tafi, miji ya mutu, ban ce komai ba. Yanzu Allah ya kawo mini mutumin da ya riƙe rabin abin da na rasa, ya tsare shi kamar ƙwai, sai a ce hannunsa na warin fata? Takalmin da Baffa ke zuwa masallaci da shi wa ya ɗinka? Gafakar Alƙur'aninsa fa?"

"Ki faɗa a hankali, katangar nan ta kara ce."

"Gwaggo, in na auri Barau da me za mu yi hira? Da buhun gyaɗa?"

Gwaggo ta kasa riƙe dariya, ta toshe baki da gefen zane. Sannan ta zauna a bakin gado ta jawo kan Lauratu ta ɗora a cinyarta.

"Ni ban san baƙi ko ɗaya ba, 'yar nan. An ce mace ba ta buƙata, na yarda, ga shi na tsufa ina kallon takarda kamar tururuwa ta bi ta kai. Amma na san ƙannena. Ya'u ruwa ne, Ɗantsoho dutse. Sai dai ba haka aka haife shi ba. Yana yaro ya fi kowa surutu a gidanmu."

"Baffa?"

"Shi. Rawani ne ya naɗe masa baki." Ta share mata hawaye da tafin hannu. "Na ba masu jakin kanwa saƙo tun jiya, su gaya wa badukunki abin da ake ciki. In namiji ne mu gani. Tashi ki sha furar nan."

*

Aka sauko daga masallaci rana na tsakiya. Malam Ɗantsoho ya zauna a zaure, an ajiye masa ƙwarya cike da ruwa. Barau na gefensa cikin sabuwar riga mai aska takwas, sai ƙamshin turare yake. Lauratu na bakin ƙofar ciki, Gwaggo na bayanta.

"Ranki ya daɗe, kada ki damu," in ji Barau yana murmushi. "In takarda kike so, zan sa a kawo miki daga kantin Kano. Fara fes, ba wanda ya ɓata ta da rubutu."



Malam Ɗantsoho ya buɗe gafaka ya zaro takardar farko. Bai dube ta ba. Ya kawar da kai ya tsoma ta cikin ruwa.

Lauratu ta ga baƙaƙen ubanta suna narkewa, suna tashi kamar hayaƙi a cikin ƙwarya. Layin da ta fara haɗa baƙi a kansa ya tafi. Ta cusa mayafi a baki don kada ihu ya fito.

Ya miƙa hannu zai ɗauki ta biyu.

"Salamu alaikum."

Hussaini ne a ƙofa, ƙafafunsa fari fat da ƙura, gumi ya jiƙa masa riga. Tun da sassafe ya taso daga Maigatari a ƙasa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa nesa da buzu.

"Wa ya kira ka?" in ji Malam Ɗantsoho.

"Ba wanda ya kira ni, Allah ya gafarta Malam. Kaya na kawo." Ya kwance wani ƙunshin jar fata ya tura gaba. "Ishirin ɗin da suka rage ne. Na gidan nan ne tun asali. In wankewa za a yi, a wanke su tare. An raba su sau ɗaya, kada a sake."

Lauratu ta dube shi ta cikin hawaye. Wato ya sallama? Ya kawo da hannunsa a kashe?

"To, madalla, ya hutar da mu," in ji Barau. "Malam, a juye su gaba ɗaya mana, rana na yi."

"Abu ɗaya nake roƙo," Hussaini ya ce, bai ko kalli Barau ba. "Malam ya fi ni sani, duk wanda ya rubuta littafi yakan bar roƙon addu'a a ƙarshensa. Marigayi ya bari. Ba a wanke roƙon mamaci ba a biya masa ba. A duba, a yi masa fatiha, sannan a sa a ruwa."

Wannan magana ce da malami ba zai iya ƙi ba, a gaban baƙo kuwa. Malam Ɗantsoho ya tsuke fuska ya miƙa hannu.

Hussaini ya zaro ta ƙarshe, ya matso da gwiwa, ya nuna ƙasan takardar da yatsa. Ya rage murya.

"A zuci, Malam. Ba sai kowa ya ji ba."

Dattijon ya kai takardar kusa da ido. Lauratu na kallon leɓɓansa suna motsi. Suka yi layi ɗaya, suka yi biyu, sai suka tsaya. Barau ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Ka karanta wannan?" Malam Ɗantsoho ya tambayi Hussaini.

"Tun ina yaro."

"Ka san ko wane ne a ciki?"

"Ban sani ba sai ranar da na fara zuwa gidan nan na ji sunan Malam."

"Kuma ba ka gaya mata ba? Ba ka gaya wa kowa ba? Na kore ka, na zagi ubanka, kana riƙe da wannan?"

"Ba sirrina ba ne, Allah ya gafarta Malam."

Malam Ɗantsoho ya rufe ido. Da ya buɗe su, sun kaɗa sun yi ja.

"Yaya Sabuwa, matso. Ke ma, Laure. Ni zan karanta da bakina."

Ya karanta:

"Labari ya ƙare da yardar Allah. Ni Ya'u ɗan Cindo na rubuta shi, amma ba nawa ba ne, na yayana Ɗantsoho ne. Shi ya ƙaga mini shi shekarar da Innarmu ta rasu, muna korar tsuntsaye a gonar geronmu ta Sule Tankarkar, ina kuka na ƙi cin abinci. Kullum sai ya ce in ci tukuna, sannan ya gaya mini inda jimina ta kai. Ba don jiminar nan ba da na bi Inna. Ya girma ya zama malami ya manta, ni ban manta ba. Wanda ya karanta ya yi mana addu'a ni da shi. Wanda kuwa ya tsare takardun nan daga ruwa da gara, ko wane ne shi, ɗan'uwana ne."

Gwaggo Sabuwa ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Ya'u! Wallahi na tuna. A kan rumfar gona, kana ɗaga hannu kana yi masa tafiyar jimina, tsuntsaye na cinye mana gero."

"Ban manta ba," in ji Malam Ɗantsoho. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa. "Ya'u ya yi mini kyakkyawan zato. Tun ranar rabon gado na gane jiminar. Na ga layin farko, na ji kunya a ce malam guda shi ya ƙaga wannan shirme. Na kife takardar na ce a ƙirga."

Ya dubi ƙwaryar, ruwan ya yi baƙi, farar takarda na yawo a kai. Ya dubi hannunsa da ya jiƙe.

"Daga ruwa da gara," ya maimaita. "Ni da muka sha nono ɗaya na sa ta a ruwa. Ɗan cikinsa ya sayar da ita a bakin takalmi. Wanda na ce hannunsa na warin fata, shi ya..."

Barau ya duba hagu ya duba dama.

"Malam, ni fa ban gane ba. Za a wanke ko ba za a wanke ba?"

"Barau, Allah ya yi maka albarka, ka yi mana mutunci. Amma ka ji abin da mamaci ya ce, kuma yarinya ta faɗi nata tun shekaranjiya. Allah ya haɗa ka da rabonka."

Barau ya tashi ya kaɗe riga, ya tsaya a ƙofa kamar zai ce wani abu. Sai ya girgiza kai.

"Jakuna arba'in," ya ce, "jimina ɗaya ta kayar da ni. Jiminar ma ta ƙarya."

Ya sa takalmi ya fita.

Aka ɗaga hannu aka yi wa Malam Ya'u fatiha. Lauratu ta shafa, tafinta ya jiƙe sharkaf.

Malam Ɗantsoho ya haɗa tara da goma sha tara ya daidaita gefensu a kan gwiwa. Ta ƙarshen kuwa ya miƙa wa Hussaini.

"Riƙe wannan. Na ji an ce akwai alkawari a kanta. Ka iya ɗinka gafakar da za ta ci talatin?"

"Na iya, Malam."

"To ka ɗinka. In ka gama, ka turo mini magabatanka su kawo ta."

Hussaini ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. Gwaggo ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa, ƙanenta ya harare ta, ta mayar da ita ciki da ƙyar.

"Baffa," Lauratu ta ce, "talatin ba ɗaya. Ta farko ta tafi."

"Ina ta tafi? Ga mai ita a zaune." Ya jawo tawada da alƙalaminsa, ya zaro sabuwar takarda daga cikin nasa, ya tura mata. Duk zamanta a gidan nan bai taɓa ba ta alƙalami ba. "Hannunki ya fi kama da nasa. Rubuta."

Ta matso ta karɓa. Ta tsoma alƙalami, sannan ta ɗago.

"Baffa, tun da kai ka ƙaga, gaya mini abu ɗaya. Zinariya ta koma gida?"

Dattijon ya saci kallon Hussaini, wanda ya riga ya cusa takardar a ƙirji ya dafe.

"Kin yi haƙurin shekara goma sha ɗaya, ki ƙara na wata ɗaya. Yi bisimilla."

Ta yi. Ya gyara zama, ya ture rawaninsa baya kaɗan, ya ɗaga hannu ɗaya sama kamar wuyan tsuntsu.

"Akwai wata jimina, tun da aka halicce ta ba ta taɓa tsayawa ba. A bayanta akwai birni mai ƙofa tara..."

"Bakwai, Baffa. Baba bakwai ya rubuta."

"Tara ne! Tun a gona Ya'u yake zubar mini da ƙofa biyu. Rubuta tara."